Andrija Mohorovicic: Malamin da ya gano iyakar cikin ƙasa ba tare da ya haƙa rami ba

A ƙarƙashin kowane gari na duniya, daga Zagreb har Birnin Kudu, akwai wata iyaka da har yau babu injin haƙa da ya taɓa isa gare ta. A nan ne ɓawon duniya yake ƙarewa, wani irin dutse da ya fi shi nauyi da tauri ya karɓa. Masana kimiyyar ƙasa suna kiran wannan iyaka Moho, wato gutsuren sunan mutumin da ya gano ta, Andrija Mohorovicic, ɗan ƙasar Kuroshiya da ke kudu maso gabashin Turai. Kayan aikinsa ba su wuce agogo mai kyau, da takardun da allurar na'ura ta zana wa layi, da wasiƙun da ya aika wa abokan aikinsa ba. Sunan nasa yana da ban tsoro a takarda, amma Bahaushe ya fi Baturen Ingila saurin kama shi, domin harafin c da ke ƙarshensa kusan irin na Hausa ne, kamar yadda ake faɗinsa a kalmar ciki.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 23 ga Janairun 1857 a Volosko, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Adriyatik, lokacin da yankin yake ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa maƙeri ne, yana ƙera manyan ƙarafan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Yaron ya yi sakandare a birnin Rijeka, kuma kafin ya wuce shekara 15 ya riga ya iya Italiyanci da Ingilishi da Faransanci, daga baya ya ƙara da Jamusanci da wasu harsunan. Wannan baiwa ta yi masa rana, domin aikin da ya ɗaukaka sunansa ya dogara ne kacokan a kan musayar wasiƙu da mutanen ƙasashe daban-daban.

A 1875 ya tafi jami'ar birnin Prague ya karanci lissafi da fiziya, inda shahararren masanin nan Ernst Mach yana cikin malamansa. Da ya dawo gida sai ya kama aikin koyarwa, da farko a Zagreb, sannan a Osijek. A 1882 aka kai shi makarantar horar da matuƙan jiragen ruwa da ke Bakar, ya yi shekara tara a can. A wannan lokacin ne ya yi aure, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansa, Stjepan, shi ma ya zama masanin fiziya.

Bakar gari ne da wata iska mai sanyi da ake kira bura take gangarowa daga tsaunuka ta faɗa wa teku da ƙarfin da iskar hunturu ba ta kama ƙafarsa ba. Wanda zai koyar da matuƙan jirgi a irin wannan wuri dole ya san iska da gajimare. Mohorovicic ya kafa tashar lura da yanayi a makarantar a 1887, ya haɗa na'urar auna tafiyar gajimare da hannunsa, ya shiga rubuta abin da ya gani kullum, safe da rana da dare. A kan gajimaren Bakar ɗin ya rubuta kundin digirinsa na dakta, wanda jami'ar Zagreb ta ba shi a 1893. Kafin nan an riga an mayar da shi Zagreb, inda ya zama shugaban cibiyar lura da yanayi a 1892. A shekarar ce kuma ya binciki wata guguwa da ta auka wa garin Novska har ta tumɓuke taragun jirgin ƙasa daga kan dogo.

Akwai wani aiki da ya ɗauka a cibiyar wanda ba a cika ambatawa ba, alhali shi ne tushen komai. Ya riƙa duban wucewar taurari don daidaita agogon cibiyar, ta yadda lokacin da ake rubutawa a Zagreb zai zama abin dogaro. Aiki ne mai gajiyarwa da babu mai yaba wa mutum a kansa. To amma igiyar girgizar ƙasa tana cin kilomita shida zuwa takwas a daƙiƙa ɗaya, don haka agogon da ya yi kuskuren daƙiƙa biyar ya ɓatar da mai lissafi da tazarar kilomita 30 ko fiye.

Daga sama zuwa ƙasa

Zagreb ta san girgizar ƙasa. Wadda aka yi ranar 9 ga Nuwamban 1880 ta lalata babbar majami'ar birnin da gidaje masu yawa. Da shigowar ƙarni na 20 sai hankalin Mohorovicic ya fara barin sararin sama yana komawa ƙarƙashin ƙasa, duk da cewa shekarunsa sun haura 40, lokacin da yawancin ma'aikata suka fi son su zauna a kan abin da suka saba. Ya yi ta fafutika har ya samo wa cibiyar na'urorin auna girgiza na zamani, ƙirar Bajamushen nan Emil Wiechert na jami'ar Gottingen, aka kafa su a 1908 da 1909.

Kafin a fahimci abin da ya gano, sai an san yadda girgiza take tafiya cikin dutse. Mutanen Birnin Kudu suna da misali a bayan gari. A cikin duwatsun da ke kusa da zane-zanen mutanen da, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai waɗanda idan aka buge su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955, kuma daga Birnin Kudu ne masana na waje suka fara mayar da hankali kan irin waɗannan duwatsu masu kiɗa. Dalilin amon shi ne, dutse mai tauri yana da halin roba ko da ido ba ya gani: idan aka matsa shi yakan ɗan lanƙwasa, nan take ya koma yadda yake, ya miƙa wa sashen da ke kusa da shi wannan motsi. Haka bugu ɗaya yake ratsa dutsen gaba ɗaya. Wanda ya bugi tarin rairayi kuwa ba zai ji komai ba sai tim, domin rairayi ba ya miƙa motsi da sauri, yana shanye shi ne.

Girgizar ƙasa bugu ne irin wannan, sai dai mai girma. Tana aika igiyoyi iri biyu cikin jikin duniya. Ta farko, wadda masana suke yi wa alama da harafin P, tana tafiya ne da turi da ja, kamar yadda sauti yake yi, kuma ita ce ta fi sauri. Ta biyu, mai alamar S, tana kaɗa dutse gefe da gefe kamar igiyar da aka ɗaure a turke ana karkaɗa ta, tana zuwa a baya, kuma ba ta iya ratsa ruwa. Saurin kowacce ya dogara da taurin abin da take bi da nauyinsa. Idan igiya ta iso inda wani irin dutse ya ƙare wani ya fara, ba ta wucewa salin-alin. Wani kaso yana dawowa baya kamar amsa-kuwwa, wani kaso yana tsallakawa amma ya karkace daga hanyarsa, kamar yadda muciya take bayyana a karye idan aka tsoma rabinta cikin ruwa.

Girgizar kwarin Kupa

Ranar 8 ga Oktoban 1909 ƙasa ta girgiza a kwarin kogin Kupa, kusa da Pokupsko, kimanin kilomita 40 daga Zagreb. Sababbin na'urorin cibiyar sun ɗauke ta sarai. Mohorovicic bai tsaya a kan nasa takardun ba. Ya rubuta wa tashoshin auna girgiza na ƙasashen Turai yana roƙon su aiko masa da abin da nasu na'urorin suka zana da lokacin da suka zana shi. Da amsoshi suka taru sai ya jera su bisa nisan kowace tasha daga inda abin ya faru.

A nan ya ci karo da abin da bai dace da ilimin lokacin ba. Tashoshin da ke kusa sun ga igiyar P sau ɗaya, S sau ɗaya, kamar yadda ake tsammani. Amma tashoshin da nisansu ya kama daga kimanin kilomita 300 zuwa 700 sun ga P ta iso sau biyu, S ma sau biyu, alhali girgiza ɗaya aka yi. Wani zai iya ɗora laifin a kan na'ura ko agogo ya rufe fayil. Mutumin da ya shafe shekaru yana daidaita agogo da taurari ya san bambancin kuskure da saƙo, kuma ya ga cewa tazarar da ke tsakanin isowa ta farko da ta biyu tana canzawa bisa tsari, gwargwadon nisan tashar.

Bayanin da ya kawo kowane ɗan kasuwa zai gane shi. A ce mutum biyu sun tashi daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram lokaci guda, kowa a kan babur. Ɗaya ya miƙe ta hanyar rairayi, wadda ita ce gajeriya. Ɗayan ya fara ratsewa ya fita kan kwalta, ya sheƙa da gudu, sannan ya sauka ya shiga inda za shi. Idan ƙauyen da ke maƙwabtaka za su, na hanyar rairayi ne zai fara isa, domin kafin ɗan'uwansa ya kai bakin titi shi har ya sauka. Idan kuwa tafiyar mai nisa ce, a ce kasuwar Sara za su ci daga can wani lungu, to na kan kwalta zai riga shi duk da zagayen da ya yi. Mai masaukinsu zai ga baƙi biyu daga gida ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kuma daga tazarar da ke tsakaninsu zai iya ƙiyasta nisan ƙauyensu da titi.

Haka Mohorovicic ya karanta takardunsa. Igiya ɗaya ta bi ta cikin ɓawon duniya kai-tsaye. Ɗayar ta nutsa ƙasa, ta tarar da wani dutse da ake gudu a cikinsa fiye da na sama, ta karkace ta bi ta cikinsa, sannan ta ɓullo sama a can nesa. Lissafinsa ya nuna cewa saurin igiyar P yana tsalle farat ɗaya daga kimanin kilomita 5.7 zuwa 7.7 a daƙiƙa, kuma wannan tsalle yana faruwa ne a zurfin kilomita 54. Sauyi na farat ɗaya irin wannan yana nufin abin da aka yi ƙasa da shi ne ya canza. Ya wallafa sakamakon a 1910 cikin rahoton shekara-shekara na cibiyarsa, da harshen Kuroshiya da Jamusanci. Yana da shekara 53.

Awon da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa iyakar tana ko'ina a duniya, sai dai zurfinta ya bambanta. A ƙarƙashin teku ba ta wuce kilomita 5 zuwa 10 daga ƙasan ruwa ba. A ƙarƙashin nahiyoyi matsakaicinta kimanin kilomita 35 ne, a ƙarƙashin tudun Tibet kuwa tana kaiwa wajen 70. Idan aka kwatanta duniya da mangwaro, to Moho ita ce inda ɓawo ya rabu da tsoka. Ƙwallon da ke tsakiya wasu ne suka auno shi, su ma ta hanyar sauraron igiyoyi: Richard Oldham ya nuna alamarsa a 1906, Beno Gutenberg ya sa iyakarsa a zurfin kusan kilomita 2,900, sannan wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa a cikin ƙwallon ma akwai wani ƙwallon.

Adalci ne a ce Mohorovicic bai ƙirƙiro dokar karkacewar igiya ba. An san ta tun a nazarin haske. Lissafin yadda ƙarfin igiya yake rabuwa a kan iyaka kuwa, Cargill Knott ɗan Sikotilan ya fitar da shi a 1899, sannan Karl Zoeppritz, wani matashin Bajamushe da ya rasu a 1908 yana da shekara 26, ya tsara nasa, wanda ba a buga ba sai 1919. Su ne suka nuna cewa igiyar P guda ɗaya idan ta bugi iyaka a karkace tana haifar da huɗu: P da S masu dawowa, P da S masu wucewa, kuma rabon kowacce ya dogara da kusurwar bugun da nauyin duwatsun biyu da saurin igiya a cikinsu. Abin da ya bambanta malamin na Zagreb shi ne ya ɗauki wannan ilimi daga kan allo ya nuna wurin da iyakar take a jikin duniya, ya kuma faɗi zurfinta da lamba.

Daga Zagreb zuwa bakin rijiya

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka ga kuɗi a cikin wannan dabara. Ludger Mintrop, wani ɗalibin Wiechert, ya ga cewa ba sai an jira girgizar ƙasa ba, ana iya ƙirƙirar ƙarama da nakiya a saurari dawowarta. Kamfaninsa, Seismos, ya gano wani curin gishiri a ƙarƙashin ƙasa a jihar Texas ta Amurka a 1924, irin wanda man fetur yake taruwa a gefensa. Tun daga lokacin sauraron igiyoyi ya zama idon masu neman mai, daga yankin Neja Delta har zuwa Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022.

Kudancin Jigawa ma yana da tasa iyakar, kuma ba ta da zurfi. Birnin Kudu da Gwaram suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda yake leƙowa fili a wurare irin su duwatsun Fagam, alhali idan aka nausa arewa wajen Hadeja sai rairayi da laka masu kauri su binne shi. A ƙasar rairayi ruwa yana shimfiɗe, kusan duk inda aka haƙa za a same shi. A ƙasar dutse kuwa ruwa yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Shi ya sa ake iya haƙa rijiyar burtsatse a wani gida ta ba da ruwa, a haƙa a gidan da ke kallonsa a tashi da ƙura.

Masu binciken ruwa a Najeriya sun fi amfani da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa, domin ta fi araha. Amma idan ana son sanin zurfin da dutse mai tauri yake, musamman kafin a kafa gada ko madatsar ruwa ko babban gini, ana jera ƙananan na'urorin sauraro a layi, a bugi faifan ƙarfe da babbar guduma. A busasshen rairayi igiyar ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita a daƙiƙa, a jiƙaƙƙe tana kai kimanin mita 1,500, a dutsen giranit mai lafiya kuwa tana haura 5,000. Na'urorin kusa suna fara jin wadda ta biyo ta sama, na nesa suna fara jin wadda ta nutsa ta bi ta kan dutse. Lissafin Mohorovicic ne sak, an dai rage shi daga kilomita zuwa mita. Kuɗin irin wannan bincike kaɗan ne idan aka gwada da na haƙa, amma shi ne abin da ake fara tsallakewa idan ana son rage kashe kuɗi a kwangila, kuma jami'in da ya sa hannu a kan hakan yakan biya sau biyu daga aljihun jama'a.

Gargaɗinsa ga magina

Watanni kafin girgizar Kupa, a cikin 1909, Mohorovicic ya yi wa ƙungiyar injiniyoyi da masu zanen gine-gine ta ƙasarsa lacca kan abin da girgiza take yi wa gini, aka buga ta a 1911. Ya yi lissafin yadda kowane gini yake da nasa salon rangaji, da yadda haɗari yake ƙaruwa idan kaɗawar ƙasa ta yi daidai da wannan rangaji. Ya ja hankali kan ingancin harsashi, da ɗaure sassan gini da juna, da duba irin ƙasar da za a ɗora shi a kai. Batun ƙasar ma magana ce ta iyaka: idan igiya ta fito daga dutse ta shiga laka mai taushi, gudunta yana raguwa amma kaɗawarta tana ƙaruwa. Birnin Meziko ya ga haka a 1985, lokacin da unguwannin da aka gina a kan busasshen tafki suka fi shan ɓarna, duk da cewa girgizar ta taso ne daga nisan ɗaruruwan kilomita. Zagreb kanta ta sake girgiza ranar 22 ga Maris na 2020, tsofaffin gine-ginen tsakiyar birnin suka tsattsage, kan ɗaya daga cikin hasumiyoyin babbar majami'ar ya faɗo.

Najeriya ba ta cikin yankunan manyan girgizar ƙasa, ko da yake an ji motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, kuma akwai cibiyar da ke sa ido kan irin wannan a Toro ta Jihar Bauchi. Abin da ya fi rusa gini a nan shi ne ha'inci a siminti da rodi, da ɗora bene a kan ƙasar da ba a auna ba. Na biyun yana cikin abin da malamin ya yi gargaɗi a kai shekaru fiye da 100 da suka wuce.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya ci gaba da shugabancin cibiyar yana kuma koyarwa a jami'ar Zagreb har ya yi ritaya a farkon shekarun 1920. A tsawon rayuwarsa ƙasar da aka haife shi ta sauya hannu, daular Ostiriya da Hungari ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Zagreb ta koma cikin ƙasar da daga baya aka kira Yugoslabiya, shi kuwa yana nan a birnin. Ya rasu ranar 18 ga Disamban 1936, saura 'yan makonni ya cika shekara 80, aka binne shi a maƙabartar Mirogoj. Cibiyar nazarin ƙasa ta jami'ar Zagreb tana ɗauke da sunansa, haka ma wani rami a bayan wata.

Bayan rasuwarsa manyan ƙasashe sun yi yunƙurin taɓa iyakar da ya gano. A 1961 Amurkawa suka fara haƙa daga kan jirgin ruwa kusa da tsibirin Guadalupe na Meziko, inda ɓawon yake da siriri, suka shiga mita 183 cikin ƙasan teku, amma majalisar dokokinsu ta yanke kuɗin aikin a 1966. Tarayyar Sobiyat ta haƙa nata ramin a yankin Kola, ta kai mita 12,262 a 1989, zafin cikin ƙasa ya hana ta ci gaba. Wannan zurfi bai kai rabin kaurin ɓawon duniya a wurin ba.